Wadda Za Ta Gaya wa Shanun Berend

"Shigo, Gwaggo Riek, tun safe Baba yake tambayar ki," in ji Marloes, 'yar Berend.

Riek ta cire takalmin roba a bakin ƙofa, mamaki fal cikinta. Shekara ashirin rabonta da gidan Berend, alhali shinge kawai ya raba su. Ita ce ta yi ta kai ƙararsa hukuma kan ruwan kashin shanunsa da ke gangarawa rafi, har rafin ya yi kore shar, kifi ya ƙare. Shi kuma duk ranar da ta shanya wanki, ranar yake ganin ta fi dacewa da watsa taki. Yanzu ciwo ya ci ƙarfinsa, likita ya ce babu sauran abin yi, an dawo da shi gida. Me zai ce mata? Tsoronta ɗaya, kada mutumin nan ya tafi da ita a zuciya.

An jawo gadonsa falo, jikin taga, yadda zai riƙa hango makiyaya. Ya rame ƙwarai, amma bakin yana nan.

"Sarauniyar ganye ta iso," ya ce. "Marloes, ba ta kofi. Kar ki sa madara, ta kai mu ƙara."

"Ina shan madara, Berend. Nama na bari."

"Ita madarar daga gajimare take zubowa ke nan."

Ya yi tari mai tsawo, 'yarsa ta gyara masa matashi, sannan ya ce, "Idan na tafi, ke za ki gaya wa shanu."

Riek ta san al'adar. In mai gida ya rasu, maƙwabci na kusa ke shiga garke ya tashi shanu tsaye ya sanar da su. Amma tun tana yarinya a nan yankin Twente rabon da ta ji an yi.

"Me ya sa ni? Ramuwa ce?"

"Marloes ta amince gwamnati ta sayi gonar, a mayar da ita daji. Kafin bazara mota za ta kwashe su. Kin ci gari, maƙwabciya." Ya faɗa ba tare da ɗaci ba, hakan kuwa ya fi mata ciwo. "Ni dai ba na son baƙo ya gaya musu. Ke kuwa kullum kina taga kina ƙirga su, ko na ƙara ɗaya ki garzaya hukuma. Wa ya san su kamar ki?"

Ta buɗe baki za ta tambaye shi ko ya yafe mata, sai ta ga barci ya ɗauke shi.

Ya cika ranar Alhamis, bayan tatsar safe. Riek ta sa takalminta ta nufi garken tana tunanin yadda ita, tsohuwar malamar makaranta, za ta tsaya tana yi wa dabbobi jawabi. Ɗumi da wari suka tare ta a ƙofa. Shanun na kwance suna tuƙa.

"Ku tashi," ta ce. "Mai gidanku ya rasu."

Ta bi layi tana dafa bayansu, suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwar saniya mai farin goshi ta ƙi motsi. Riek ta gane ta: ita ce kullum ta ƙarshe wajen dawowa daga kiwo, wadda Berend ke jira a bakin shinge, sai ya sosa mata bayan kunne take wucewa. Ashe bai yi ƙarya ba, ta san su. Nan kuka ya zo mata.

Ta durƙusa cikin kashin, ta sa yatsu bayan kunnen, ta sake faɗa a hankali. Saniyar ta ɗaga ƙugu, ta miƙe da ƙyar, ta juya kai wajen ƙaramar ƙofar da ke haɗe da gidan, inda Berend ya saba shigowa. Riek ma ta juya, suka tsaya suna kallon ƙofar tare.