Hular Kawu Yidana

Safiatu mai hoto ta gaji da suna da biki. Ba wai aikin ba ya ciyar da ita ba ne, don a Changli, unguwarsu a Tamale, ba a rasa haihuwa, ba a rasa aure. Abin da ya ishe ta shi ne, duk kyan hoton da ta ɗauka, a wayar mutane yake ƙarewa, tsakanin bidiyon wa'azi da tallan maganin basir. Ita so take ta ga aikinta a shafin kamfanonin tufafi na Accra, da sunanta a ƙasa.

Sai ta kama aika musu imel. Takan fara da sallama, ta tambayi lafiyar mai kamfani, ta tambayi iyali da ma'aikata da yadda suka ji da ruwa, sannan can ƙasa ta ce ita mai hoto ce. Babu wanda ya amsa, ko da kuskure.

Joyce, wata malamar makaranta 'yar kudu da ke haya a gidansu, ta karanta ɗaya ta kwashe da dariya.

"Sista Safia, wannan gaisuwa ya yi yawa," in ji ta da Hausarta ta kasuwa. "Mutanen Accra ba shi da lokaci. Sa hoto a sama, faɗa abin da kana so, shi ke nan."

Safiatu ta ji abin kamar shiga gidan mutane ba sallama, amma ta yarda. Saura hoton da za a sa a sama. Akwai wani kamfani da ke ɗinka batakari, rigar saƙi ta arewa, yana sayar wa 'yan birni, kuma shi ta fi sa wa ido. Ba ta da wanda zai sa mata riga ya tsaya, sai ta tuna da ƙanen mahaifiyarta, Kawu Yidana, manomi a ƙauyen Gbalahi, dogo mai faɗin kafaɗa wanda batakari ke zauna wa kamar don shi aka fara saƙa ta.

Ta hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, da kamararta ta tafi. Kawu ya yi murna, ya shiga ɗaki ya fito da rigarsa ta Sallah, ya tsaya a gindin kaɗanya, hularsa a karye gefe kamar kullum.

A ƙasar nan hula tana magana. Wanda ya karya ta gefe, cewa yake shi mai zaman lafiya ne, ba ya neman kowa da faɗa. Wanda ya karyo ta gaba kuwa, cewa yake babu wanda ke gabansa. Safiatu ta san wannan sarai. Ta kuma san cewa tun rasuwar kakanta, wan Yidana, Kawu Sidiki, shi ne maigida, kuma magulmata sun daɗe suna raɗa cewa ƙaramin ya fi babban iya riƙon gona da jama'a. Yidana ya shekara da shekaru yana kashe maganar nan, yana durƙusa wa wansa, yana zama a ƙasa da shi a kowane taro.

Amma da ta leƙa kamara, rana kawai ta gani tana dukan idon Kawu yana ƙyafce-ƙyafce. Ta matsa ta jawo hular gaba, inuwa ta sauka a goshinsa, fuskar ta yi wani kwarjini.

"Ke Safia, wannan ba karin hular irina ba ne," ya ce yana dariya.

"Hoto ne kawai, Kawu. A imel zan nuna wa mutanen Accra, daga nan ba inda za shi."

Ya ƙyale ta. Ta ɗauka, ya mayar da hularsa gefe, ta ƙara ɗaukar wasu. Ya sallame ta da doya.

Washegari ta sa hoton mai hula a gaba a saman imel, ta rubuta magana kaɗan a ƙasa, ba gaisuwa, ta aika. Kafin la'asar amsa ta zo daga wata Madam Adzo, mai kula da tallan kamfanin. Suna son hoton nan don buɗe tallan sababbin rigunansu, kuma in an daidaita, Safiatu ce za ta ɗauki sauran gaba ɗaya a Tamale. Abin da suke buƙata kawai shi ne yardar mutumin da ke cikin hoton.

A gaskiya Safiatu ta gwada. Ta aika musu wanda hular ke gefe, ta ce wannan ma ya yi kyau. Madam Adzo ta amsa a taƙaice cewa na farkon suke so, shi ne mai ƙarfi, in babu shi sai wani lokaci. Duk wanda ya taɓa neman aiki ya san wani lokacin mutanen ofis ba ya zuwa.

Ta kira Kawu a waya.

"Kawu, mutanen Accra suna son hotonka. Za su sa a talla."

"Alhamdu lillahi. Mai hula a gefe, ko?"

"Ai hotunan da yawa, Kawu."

"To, Allah ya sa albarka a aikinki."

Ba ta yi ƙarya ba, haka ta riƙa gaya wa kanta. Ta rubuta wa Madam Adzo cewa ya yarda. Saƙon gajere ne, irin wanda Joyce ta koya mata.

Hoto ya fita, kuma bai tsaya a Accra ba. Kafin a ce me, yana wayar samarin Gbalahi, suna turawa juna, suna yi wa Yidana kirarin sarauta in ya wuce a keke. Magulmatan da suka yi shiru suka samu abin yi. Kawu Sidiki kuwa ya daina aikawa a kira ƙanensa in za a yi shawarar gida. Daga baya Yidana ya ɗauki goro ya je gaban dattawa ya durƙusa, ya ba wansa haƙuri kan maganar da bai taɓa yi ba. An bar shi a durƙushe har gwiwa ta gaya masa. Mahaifiyar Safiatu ce ta ba ta labarin, tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago kai ba har ta gama.

Aikin kuwa ya samu, kuma ta yi shi da kyau. Sunanta ya fito a ƙasan hotuna yadda ta daɗe tana so, har wasu kamfanonin da suka yi banza da gaisuwarta suka fara nemanta da kansu. Ta ji daɗi ƙwarai, ta ji kunya kuma, amma a lokacin daɗin ya fi yawa. Gbalahi dai ba ta koma ba, kullum akwai aiki.

Sai aka yi wa Kawu Sidiki jika, kuma sunan dangi ba a aika wakili. Ta je da kamara. Kawu Yidana ya tarye ta da fara'a, ya gaishe ta cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi lafiya, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Accra, bai bar komai ba. Ta so ƙwarai ya yi mata faɗa, bai yi ba.

Da aka ci abinci maza suka jeru don hoto, Sidiki a tsakiya, Yidana can gefe. Tana ɗaga kamara, ya cire hularsa, ya ninke ta a hankali, ya cusa a aljihun batakari. Dattijo a taron suna, kai ba hula, sanƙo yana sheƙi a rana. Babu wanda ya yi dariya.

"Kawu, hularka," in ji Safiatu.

"Ɗauka haka, Safia," ya ce. "Kan da ba hula ba ya faɗin komai."

Ta ɗauka. Hoton ya fito tas, hasken ma ya zauna daidai.