Auduga Mai Warin Gashi

Malamarmu ta darasin yadi sabuwa ce, wata uku aka ba ta na gwaji a makarantar zane da ɗinki. Ranar da mai duba malamai zai zo ya yanke ko a riƙe ta ko a sallame ta, sai ta tashi da mura, hanci a toshe kamar an cusa masa tsumma.

Darasin ranar kuwa na hanci ne. Ana tsinko zare daga yadi, a kai shi bakin kyandir, a shinshina. Auduga warin ƙonanniyar takarda take yi, ulu warin gashi, yadin roba kuma narkewa yake ya dunƙule. Kowane tebur da kyandirinsa da kofin ruwa.

Mai duba dattijo ne, gemunsa har ƙirji. Ya zo teburin baya ya zauna kusa da ni. Ni dama can nake laɓewa don kada a tambaye ni komai, shi ya sa ake ce mini Shiru. Bai fi minti goma ba ya fara gyangyaɗi.

Malama ta ƙona farar auduga ta ɗaga. "To, warin me kuka ji?"

"Gashi, Malama," in ji Rediyo, wadda ba a riga ta magana.

"Sake shinshinawa, 'yar uwa."

"Wallahi gashi ne."

Malama ta yi murmushin dole, ta juya wajen Dogo, wanda ya fi kowa ƙoƙari. Dogo ya ja iska har sau biyu.

"Ki yi haƙuri, Malama. Kamar ana babbake kan rago."

Malama ta shinshina da kanta, ba ta ji komai ba sai atishawa. Ta duba takardar da ke jikin yadin, ta sake ƙonawa.

Ni kuwa ina ganin komai. Duk sanda dattijon ya yi gyangyaɗi, sai bakin gemunsa ya sumbaci kyandir, ya ce cus, ya ɗago. Amma yaya zan ce wa babba kana ci da wuta?

"Shiru," in ji Malama, murya kamar za ta yi kuka, "ke fa?"

Duk aji ya waiwayo. Daidai nan kan dattijon ya sake sauka, wannan karon wutar ta kama sosai. Ban san lokacin da na ɗauki kofin na sheƙa masa ba.

Ya zabura yana salati, ruwa na ɗiga a rigarsa.

"Baba, ka yafe ni," na ce, ina kallon ƙasa. "Audugar Malama ba ta da laifi."

Rediyo ta shige ƙarƙashin tebur don dariya. Dattijon ya shafa abin da ya rage na gemun, ya kai yatsunsa hanci, sannan ya juya wajen Malama.

"Sau nawa kika so su ce takarda?"

"Sau uku, ranka ya daɗe."

"Suka ƙi?"

"Suka ƙi."

"To, kin koya musu bin hancinsu, ba bin bakinki ba. Ki zo ofis gobe ki sa hannu a takardar aiki." Ya miƙe yana matse gemu. "Wa ke da almakashi mai kaifi? A daidaita mini ɗaya gefen."