Ƙwari a Kwalin Ashana

Shekara goma sha ɗaya Iya tana sharar siton hatsi, kuma dokar wurin ɗaya ce: duk ƙwayar da ta faɗi ƙasa ta mai shara ce. Da wannan tsintuwar take ɗora tukunya. To, bana damina ta yi gardama, sai mai siton ya cika shi da masara har rufi, ya danna kwaɗo. Kowa ya zo saye, amsarsa ɗaya: "Sai ya tashi." Farashi yake nufi. Har 'yan dako suka laƙaba masa Sai-Ya-Tashi.

Buhun da ba a ɗaga ba kuwa, ina zai zubar? Wata biyu Iya tana share ƙura zalla. A gida 'yarta na jego, nono ya ƙafe, jaririn ma ya gaji da kuka. Abin ya ci wa Iya rai ƙwarai. Ga abinci tsibi guda tana kewaya shi da tsintsiya, ga jikanta yana ramewa!

Ran nan ta leƙa tsohuwar garwar da take ajiye hatsi. Babu ko ƙwaya, sai ƙwari suna yawo a gindi.

"Ku ma yunwar ce? Ku zo in kai ku inda ake ci," in ji ta. Ta kwashe su cikin kwalin ashana.

Da safe tana goge teburin mai sito, ta saki rabinsu kan takardunsa, ta koma gefe ta sunkuyar da kai kamar ba ita ba. Yana zama ya zabura.

"Iya! Mene ne wannan?"

"Wayyo, ranka ya daɗe, har ofis suka iso? Ashe na ƙasan buhuna sun ƙoshi."

Gumi ya karyo masa. Nan take ya sa a sauke buhu duka a duba. Dogo, shugaban 'yan dako, ya kalli Iya, Iya ta kalli silin. Shi ke nan, Dogo ya gane. Ranar ƙugiyar ɗaga buhu ta kowane ɗan dako sai da ta yi kuskure, buhu na tsagewa ana "sannu, tsautsayi ne." Tsintsiya ta sha aiki.

Sai dai tsoron ya wuce inda Iya ta auna. Kafin la'asar manyan motoci sun jeru, mutumin ya sayar da kayan kaf ga wani dillali na nesa. Mutanen unguwa suna tsaye da kwanukansu suna kallo, har motar ƙarshe ta sha kwana. Ba haka Iya ta so ba.

"Gobe ki huta, Iya," in ji mai sito. "Babu abin sharewa."

Ta raba abin da ta tara da maƙwabta uku, ta dafa saura. 'Yarta ta ci har da gumi. Washegari jaririn ya kama nono, aka ji yana haɗiya ƙwat-ƙwat. Iya ta juya baya ta share ido, sannan ta leƙa garwa: abincin kwana shida ne, in an yi hankali.

Ta girgiza kwalin ashanar a kunne. Akwai motsi. Ta san ƙanen mai siton ma ya kulle nasa hatsin yana jiran farashi ya tashi. Ta ɗauki tsintsiya ta nufi inda 'yan dako suke zama.

"Dogo, siton ƙanen nasa, ta wane layi ake bi?"