Kyamarar da Ba Ta Ji

"A ɗan mayar baya," na ce wa Mudassir.

Ya dube ni, ya dubi talabijin ɗin da aka ɗora a kan buhunan taki. Shi ne manajan gonar. Ni kuwa maƙwabcin mamacin ne kawai, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na su Uzairu a Tiga. Ba da son ransa ba ya danna.

Ga Uzairu nan kuma da ransa, a kan tsani, jikin dogon ƙarfen da ke bakin magudanar ruwa, da tsumma a kafaɗa. Kyamarar ƙofar sito ce ta ɗauko shi daga nesa. Aikinsa ke nan a gonakin da ke tsakaninmu da Ƙafin Maiyaki: ya share saƙar gizo-gizo daga idon kyamara, ya wanke kashin tsuntsu a farantin sola, ya sauya wayar da ɓera ya ci. Na ga ya buɗe akwatin batir. Sai ya shiga kaɗa hannu a fuskarsa. Ashe rina ce ta yi gida a ciki. Tsanin ya zame.

Ya faɗa kan simintin magudanar. Ganyen masara ya kare kansa da ƙirjinsa, ƙafafunsa kawai ake gani da hannu ɗaya.

"Ƙaro murya," na ce.

"Baba Lawal, ai babu murya."

"Ta lalace?"

"Shi da kansa ya cire ta. Duka kyamarorin nan kurame ne."

Na san zancen, mantawa na yi. Bara mata masu tsinkar tumatir suka daina waƙa a gonar, saboda mai gonar yana zaune a Kano ya ji a wayarsa ɗaya daga cikinsu, Tani, tana cewa tumbinsa kan riga shi shiga sito. Aka sallame ta. Uzairu ya ba ni labarin a ƙofar gidana, ina gyaran komar kamun kifi. "Baba, ɓarawo muke nema ko hirar mata?" Da ya zagayo gyara, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yanke wayar sauraro, ya ce wa Alhaji mai gonar ruwan sama ne ya shiga.

To, ranar da ya faɗi babu kowa kusa. Ma'aikata sun tafi cin abinci gindin mangwaro, can ƙarshen gona. Sai bayan azahar aka tarar da shi ya riga ya cika. Mahaifiyarsa, Yaya Uwani, ba ta tambayi wa ya kafa tsanin ba, ba ta tambayi komai ba sai abu ɗaya: da kalmar shahada ɗanta ya tafi? Ita ta aiko ni. "Kai ba ka ƙari a magana, Lawal. Je ka ji mini."

Muka ci gaba da kallo. Ƙafar hagu ta motsa, ta tsaya. Hannun ya taso daga ƙasa a hankali, ya shige bayan ganye. Ya ɗan jima can. Ya sauko. Daga nan sai masara kawai ke kaɗawa.

"Ka ce mata ka ji mana," in ji Mudassir, yana kashe na'urar. "Tsohuwa ce. Wa zai ƙaryata ka?"

Na tashi na kama hanyar gida.

Na sami Yaya Uwani a tsakar gida kan tabarma, masu gaisuwa sun ragu. Bushira, matar Uzairu, tana ɗaki cikin takaba, labule a sake, amma na ga ƙafarta a bakin ƙofa.

"Yaya, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Zauna. Ka ji?"

"Ban ji ba. Abin ba ya ɗaukar murya."

"Bakinsa fa?"

"Masara ta kare."

Kaza ta zo ta tsattsagi gefen tabarmar, ba ta kore ta ba.

"To me ka gani, tun da ka daɗe?"

"Ya ɗaga hannu."

"Wanne?"

"Na dama."

"Yatsa ya miƙe?"

"Ganye ya rufe, Yaya. Zai yiwu rinar yake kora. Ban sani ba."

A ɗaki Bushira ta ja numfashi, ƙafar ta koma ciki. Na jira Yaya Uwani ta ce in koma in sake dubawa, ko ta ce da ma wani ta aika. Ba ta ce ba.

"Na dama dai," ta ce.

"Na dama."

Ta ɗora hannunta a kan gwiwa, ta dunƙule shi a hankali, ta bar manuni a miƙe. Ta zauna tana kallonsa.