Sunan Mai Fili

A ƙauyenmu na tsaunukan Simbu dangi biyu ne, na Kaupa da na Waim. Suna da dankali da aladu, amma ba su da ruwan sha. Ƙungiyar mata ta nemi tallafin tankin ruwa daga wata gidauniya, ni kuma da nake koyarwa a makarantar ƙauyen na ba ɗalibata Dama takardar neman tallafin ta cike, saboda kyan rubutunta. Wurin sunan mai filin da za a kafa tankin layi ɗaya ne, sai ta rubuta sunan babanta, Kaupa. Ban duba ba.

Ranar Lahadi aka karanta takardar a ƙofar coci. Waim, kawun Dama, ya miƙe.

"Suruki, yaushe filin ya zama naka? Kakana ya dasa itacen iyakar nan lokacin kakanka yana kwana da aladu!"

"Zauna, mai tumbi," in ji Kaupa. "Naman aladun da na biya sadakin 'yar'uwarka ne ya kumbura ka."

Waim ya zare adda. Kaupa ya kare da hannu, yatsu biyu suka faɗi a ƙasa. Kafin rana ta yi tsaka kibau na yawo, gidaje huɗu sun ƙone, an sassare itatuwan kofi. Jini ya ɓata takardar, ranar miƙa ta kuma ta wuce.

Washegari Dama ta bi mata gangaren rafi da jarka. Ta gane cewa filinsu ba na mutum ɗaya ba ne, kuma rubuta suna ɗaya a kansa yana zubar da jini.