Noti Goma a Kan Injin Sattu

"Daeng Nompo, ni dai ka buɗe mu gani," in ji Sattu. "In gaskit ne kawai ya ƙone, ka gyara, ni kuma in riƙa kai wa matarka kifinta kasuwar Makassar kyauta har damina ta wuce."

Na ce, "In kuma kan injin ne ya mutu fa? Wa zai biya min wahalata, tsohuwar motar nan da ta girmi gemunka?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Pete-pete ce motar, ƙaramar bas shuɗiya mai ɗaukar fasinja, da ita yake ciyar da 'ya'ya huɗu. Ya shigo da ita garejina lagireto na tafasa, salansa na aman farin hayaki.

"In kan ya mutu, ba ni da halin sayen wani. Ka ɗauki motar, ka ba ni babur ɗinka in koma acaba."

Muka tafa. Tun kafin in saki hannunsa na riga na hango surukina a kujerar direba. Wata shida ke nan yaron yana zaune a gidana ba sana'a, 'yata kuma da ciki.

Shekara arba'in ina gyaran mota a garin Takalar. Ban yi boko mai nisa ba, amma abu biyu na sani kamar sunana. Ba a kwance kan inji da zafinsa, sai ya huce har ka iya ɗora kumatunka a kai. Kuma notinsa goma ba a cire su yadda aka ga dama. Daga gefe ake farawa, ana tsallakawa nan da can, kowanne a murɗa shi kaɗan a bar shi, a zagayo sau uku kafin a iso tsakiya. Wanda ya saɓa wannan, ƙarfen zai lanƙwashe, ko da ido bai gani ba.

Na ɗaga kujerar direba, don a ƙarƙashinta injin yake. Na naɗe hannu da tsumma na zubar da ruwa, na cire bututai da wayoyi da murfin sama. Zafi na dukan fuskata. Sattu na tsugune kusa da ni yana miƙo sufana tun kafin in tambaya, irin mutanen nan da ba sa iya zama wani na musu aiki.

Na miƙe na ce zan je cikin gari sayo gaskit, shimfiɗar nan da ake sawa tsakanin kan inji da jikinsa.

"Ba abin da zan rage maka kafin ka dawo, Daeng?"

Amsar tana bakina, kalma uku ce: kada ka taɓa. Na faɗa wa ɗaruruwan direbobi ita. Sai na ji kaina ina cewa, "Ai ba abin da ya saura sai notin nan goma." Na ajiye babban sufana a kan kujera, inda ba zai kasa gani ba, na hau babur.

Gaskit bai ɗauke ni minti goma ba. Na zauna a shagon Haji Bundu na sha kofi, na ƙara wani. Haji ya ce, "Yau kuma wa ya mutu? Ka zo ka zauna kamar an kore ka daga gida." Na ce zafi ne.

Da na dawo na tarar da Sattu ya jera noti goma a kan jarida, tsaf, ya ma goge su. Yatsunsa biyu sun yi bororo.

"Ka ga yaronka, Daeng! Na tsakiyan nan ne suka ba ni wuya, da su na fara don in huta."

Muka ɗaga kan tare muka kifa shi a benci. Na kankare tsohon gaskit, na ɗora rular ƙarfe a kai. Haske na wucewa ta ƙarƙashinta, har takarda ninki biyu ta shige.

"Ya lanƙwashe," na ce.

"Tafasar ce ta yi masa haka?"

"Tafasa tana yi."

Ban yi ƙarya ba, tana yi. Ya daɗe yana kallon hasken nan. Sannan ya shiga motar ya ciro carbinsa daga madubi, da hoton 'ya'yansa, da robar ruwa. Ya miƙo min makulli ya ce, "Alkawari ne, Daeng. Birkin hannu ba ya kamawa, a riƙa sa mata dutse."

Kashegari na kai kan injin birnin Makassar wurin Koh Aseng, mai injin goge ƙarfe, don na san lanƙwasa irin wannan tana gyaruwa. Ya wanke shi, ya sa tabarau, ya kira ni da yatsa. Tsaga ce siririya tsakanin bawul biyu, bakinta ya yi baƙi da tsufa.

"Wannan ta fi wata uku," in ji shi. "Tun kafin a kawo maka ya mutu. Amma wane jaki ne ya kwance shi da zafi?"

Na ce wani direba ne.

Ashe ko da na faɗi kalma ukun nan, motar tawa ce.

Surukina ya samu mota, bayan mun nemo tsohon kai a wurin masu gwangwan, kuma bai taɓa tambayar yadda aka yi ba. Sattu ya rasa motar da dama zai rasa, yana acaba a bakin kasuwa cikin ruwa da rana. Duk Asabar sai ya tsaya a ƙofata ya ɗauki kwandon kifin matata, ba ya karɓar ko sisi. Na ce masa wannan ba ya cikin cinikin. Ya ce shi dai bai taɓa ganin bakanike mai gaskiya irina ba, da na sa shi ya ga hasken da idonsa.

Ni ne ban san inda zan sa kaina ba. In na ji ƙarar babur ɗin daga nesa, sai in shige ƙarƙashin kowace mota ke kusa, in kwanta har ya wuce.