Shafin da Auta ta Cire

Auta ta kai ƙarshen takardarta, ta ce ta gode, amma Malama ba ta ko taɓa ƙararrawar da ke gabanta ba. Abin da bai taɓa faruwa ba ke nan. Duk ɗalibin tarihi da ya bi ta hannun Malama ya san wannan 'yar ƙararrawa, da ita take katse wanda ya cinye lokacinsa a gwajin gabatar da bincike. Masu tarihi kuwa Allah ya yi su da son shimfiɗa, ka tambaye su abin da ya faru jiya, sai su faro maka daga kakan kakansu. Shi ya sa kafin kowane taro take tara ɗalibanta na digiri na biyu, ta koya musu tsayuwa, da kallon mutane, da faɗin abin da suka gano kafin a fara hamma.

Wannan shi ne gwaji na ƙarshe, a wani ƙaramin aji kusa da zauren taron. Bayan hutun rana Auta, ƙaramar cikin ɗaliban, za ta hau dandamali karo na farko a rayuwarta.

Malama ta cire tabarau, ta tambaye ta ina shafin da ke magana a kan mata ma'aikata. Auta ta sunkuyar da kai ta ce ta ga zai ja lokaci ne. Malama ta ce lokacin da ya rage ya isa a dafa shayi har a sha, ta nemo wata ƙaryar.

Binciken Auta a kan yajin aikin tsohuwar masaƙar garin ne. Littafin da kowa ke karantawa a kan wannan yaji kuwa Malama ce ta rubuta shi, da shi ta yi suna. A ciki ta ce shugabannin ƙungiyar ma'aikata ne suka fara shi. Auta ta daɗe tana zama gaban tsofaffin mata da rikoda, ta tono takardun kotu, ta gano cewa matan sashen zare ne suka fara kashe injina, tun ƙungiya ba ta farka ba. Malama ta san da wannan. Ranar da ta fara karanta binciken, ta yi ta neman inda za ta soke shi, ba ta samu ba.

"Malama, a gaban abokan aikinki fa," in ji Auta. "Yaya zan tsaya in ce kin yi kuskure? Ko mamana ta ji, sai ta ci min mutunci."

"To in kin cire shi me kika zo gaya musu? Littafina? Ai sun karanta." Malama ta tura mata takardar. "Ki mayar da shi, kuma da shi za ki buɗe. Ki sani zan ɗaga hannu, ba kuma zan raga miki ba."

Zauren ya cika fiye da yadda aka zata. Fankoki na juyawa, majigi ya yi gardamarsa ta kullum kafin ya kama. Malama ta zauna a layin gaba. Auta ta gyara makirfo, ta ɗago ta dubi mutane kamar yadda aka koya mata. A jimlarta ta farko ta ambaci littafin da sunan mai shi, ta ce abin da ya faɗa a kan farkon yajin ba haka yake ba.

Nan take kawuna suka juyo wajen Malama. Ta ji zafin abin har cikin ƙashi, ba ƙarya, aikin ƙuruciyarta ne ake warwarewa a bainar jama'a. Amma ta kafa ido a kan yarinyar. Auta ta saka muryar wata tsohuwa tana ba da labarin yadda suka zare hannu daga injina suka zauna a ƙasa, ta nuna takardar tuhumar da aka yi musu, ta rufe a kan lokaci. Ko masu latsa waya a baya sun ajiye.

Da shugaban zama ya buɗe fagen tambaya, hannun Malama ne ya fara tashi. Ta tambaya yaya za a rushe abin da ke rubuce da tunanin tsofaffi bayan shekaru masu yawa. Tambaya ce mai kayar da ɗalibi, ta kuma yi ta da gaske, domin har yanzu akwai ɓangaren zuciyarta da ke son littafin ya tsira.

Auta ta dubi Malama. Ta ce matan da ta yi hira da su sun watse garuruwa tun rufe masaƙar, amma labarinsu ya zo ɗaya, kuma ranar da ke kan takardar kotu ta riga sanarwar ƙungiya.

"Littafin ya dogara ne da takardun ƙungiya kaɗai, Malama," ta ce. "Su kuwa ba su taɓa rubuta sunan mace ba, ko a jerin masu halartar taro."

Malama ta gyaɗa kai ta zauna.

Wani farfesa mai sanƙo daga wata jami'a, wanda suka daɗe suna sa-in-sa da ita a mujallu, ya karkato da fuskar jaje, daɗi kuwa fal cikinsa. Ya ce ta yi haƙuri, yaran yanzu idonsu a tsaye yake, ba su san na gaba ba. Sannan ya tambaya wane malami ne ya sako wannan yarinya haka ba linzami.

Malama ta juyo ta dube shi. Ta ɗaga murya yadda na layin baya ma za su ji.

"Tawa ce," ta ce. "Ni na koya mata."